Ruwa ya ci mana gida da shagon buga riguna a yankin Auyo, me za a iya cetowa?

Sani_MaiZane:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka san ni a zauren nan sun san sana'ata zane ce da buga riguna, banar talla, katin biki da bajen makaranta. Ni da maiɗakina muke aikin, ita ce mai fitar da zanen hula da na zanin gado, ni kuma bugu da rubutun allon shago. Muna wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo, shagon kuma a zauren gidanmu yake. Jingar gabashin gari ta ɓalle cikin dare, kafin asuba ruwa ya kai mana ƙugu. Alhamdu lillahi mun fita da yara lafiya, muna makarantar firamare ta kan tudu tare da sauran mutanen gari.

Yanzu ruwa ya fara janyewa, na shiga na duba. Katangar zaure ta arewa ta zube a kan teburin bugu. Ragogin bugu, waɗanda ake jan tawada ta cikinsu zuwa kan riga, suna cikin laka, kwamfuta da firinta da janareta duk sun sha ruwa. Fararen rigunan wata islamiyya, waɗanda na riga na karɓi kafin alƙalami a kansu, sun koma jajaye. Abin da ya fi ci min rai shi ne akwatin ƙarfe. A ciki akwai zane-zanenmu na asali, da takardun zayyana na marigayi mahaifina, waɗanda yake dubawa in zai yi wa allon mai sauka ado. Duk sun jiƙe sun manne da juna. Cikin kayan nan wanne ake iya cetowa, kuma ta yaya? Sannan in sake tayar da shagon a nan ne ko in nemi wani wuri?

Maman_Hanifa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannunku Malam Sani, Allah ya mayar da alheri, ya tsayar iya nan. A gaishe da uwargida da yara.

Injiniya_Wudil:
Allah ya kiyaye gaba. Abu na farko, don Allah kada ka jona komai da wuta don ka gwada ko yana tashi. Yawancin kayan wutar da ake kawo mana bayan ambaliya, gwajin ne ya ƙarasa su. Ka kwance kwamfutar ka cire ma'ajiyar da ayyukanka suke ciki, ka ɗaure ta a leda, ka kai wa masu gyara a titin Beirut a Kano. Kada ka yarda kowa ya buɗe cikinta a shago. In ƙarama ce irin ta zamani wadda ba ta da faifai mai juyawa, akwai kyakkyawan zato ayyukanka suna nan. Sauran allunan cikin kwamfutar a ɗauraye lakar da ruwa mai tsabta, a bi da sifirit, a bar su su bushe sarai. Janareta kuma kada ka ja igiya. A cire filogi, a juye mai da baƙin mai gaba ɗaya, a wanke kabureta, a busar da koyil. In ya tashi a bar shi ya ɗan yi aiki, a sake juye baƙin man. Firinta ce kawai ba zan yi maka alƙawari ba, in laka ta shiga kan da ke fesa tawada sau da yawa gyaran ya fi sayen wata tsada.

Baffa_Ringim:
Takardu ai rana ce maganinsu. Ka baza su a kan kwano ka danne da duwatsu, zuwa la'asar sun bushe. Haka muka yi da takardun makarantar yara a 2022.

Hauwa_Laburare:
Baffa, a yi haƙuri, takardar shaidar makaranta daban, zanen hannu daban. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin karatu, na ga abin da zafin kwano yake yi wa jiƙaƙƙiyar takarda: ta kanannaɗe, ta yi ƙamas, launi ya koɗe, waɗanda suka manne kuma su bushe a manne har abada. Malam Sani, ka fito da su daga akwatin nan yau ɗin nan, domin a irin danshin nan fumfuna tana kama takarda cikin kwana biyu zuwa uku. Ka samu ɗaki ko rumfa mai inuwa da iska tana ratsawa. Ka shimfiɗa tsabtataccen zani a kan tabarma. Kada ka ɗaga takarda ta kusurwa ɗaya, za ta yage. Ka zura leda mai kauri ko siririn kwali a ƙarƙashinta ka ɗauke ta a kwance. Waɗanda suka manne ƙwarai kada ka tilasta, ka bar su su sha iska su rage ruwa, sannan ka bi su da bakin wuƙa marar kaifi a hankali. In sun rabu ka sa farar takarda marar rubutu a tsakaninsu kana sauyawa in ta jiƙe. Banda jarida, baƙinta yana fita. Takarda mai sheƙi irin ta kalanda da hotuna kuwa akasin haka ne, su tun suna jiƙe ake raba su, in suka bushe a haɗe shi ke nan. Kuma kafin ka taɓa kowace ɗaya, ɗauke ta hoto da waya.

Baffa_Ringim:
To Hajiya, na ji. Amma mutumin da ke kwana a aji da iyalinsa ina zai samu ɗaki mai iska da farar takarda? Mu faɗi abin da zai yiwu.

Hauwa_Laburare:
Gaskiyarka Baffa. Barandar ajin ma ta isa, in dai rana ba ta dukan wurin kai tsaye. Farar takarda kuwa ai shi mai bugu ne, abokan sana'arsa na Haɗeja ba za su rasa rim ɗaya ba. In kuma takardun sun yi yawa ba zai iya bi ɗaya bayan ɗaya ba, abin da ake yi a manyan ɗakunan adana littattafai shi ne a sa su a leda a daskarar, sanyi yana tsayar da fumfuna har a samu sukuni. Ko firizar masu ƙanƙara ce za ta yi, muddin ba ta narkewa.

DanFagge_Firinta:
Ɗan'uwa sannu. Ni ma bugun raga nake yi, bari in yi maka maganar shago. Ragar kanta ba ta tsoron ruwa, ai da ruwa muke wanke ta kullum. Abin tsoro shi ne laka ta bushe a cikin idonta. Ka fito da su ka jiƙa a baho, ka wanke da soso mai laushi ta fuska biyu, banda burushin ƙarfe. Firam ɗin katako ne matsalar, in ya sha ruwa yana murɗewa, ragar ta saki, in ka zo bugu mai launi biyu ba za su hau kan juna daidai ba. Ka jera su a kwance a wuri mai baje, ka ɗora musu nauyi su bushe a inuwa. Wanda ya murɗe ka cire ragar, kafinta ya yi maka sabo. Tawada kuma ka buɗe kowane gwangwani. Ta leda da sitika mai haɗin mai ce, in murfin ya rufu da kyau sai ka tsiyaye ruwan saman ka ci gaba da aiki. Ta yadi mai haɗin ruwa kuwa, in ruwan ambaliya ya shiga, zubar da ita, za ta yi wari kuma ba za ta kama riga ba. Maganin shafa raga ma haka. Ina da ragogi da robar jan tawada da ba na amfani da su, ka turo wanda zai karɓa a tasha.

Sani_MaiZane:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Hauwa, na fito da takardun kamar yadda kika ce. Namu zanen na fensir da biro yawanci sun tsira, sai dai tabon laka. Na Baba ne abin tausayi. Da tawadar gargajiya ya yi su, ta ƙaro, ga ja da rawaya da kore. Na buɗe ta farko sai na ga launukan sun bi ruwa sun haɗe, sai layukan da ya fara tsagawa da bakin ƙarfe kafin ya zuba launi, su ne suka rage kamar sawu a jikin takardar. Hannuna har rawa yake, na kasa buɗe sauran.

Gwani_KafinHausa:
Allah ya jiƙan Malam, ya sa aikin da ya yi wa Alƙur'ani ya cece shi. Ɗana Sani, tawadar ƙaro dama an yi ta ne don ta wanku, shi ya sa almajiri yake wanke allonsa ya sake rubutu, saboda haka kada ka sa musu ruwa ko tsumma da sunan goge laka. Bar lakar ta bushe, daga baya a kaɗe. Layukan da ka ce sun rage, su ne asalin aikin. Mai zayyana da ma'auni yake farawa, ya raba gidaje, ya fitar da da'ira da kusurwa, launi daga baya yake zuwa. In ma'aunin yana nan, zayyanar tana nan. Sannan ka tuna duk wanda ya yi sauka a hannun mahaifinka ko aka kai masa allonsa, allon nan yana gidansu a rataye ko a cikin adakar uwarsa. Ba a yar da allon sauka. Ka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya in ƙasa ta tsane, ka roƙa a fito maka da su ka ɗauki hoto. Za ka samu launukan da ruwa ya cinye. Waɗanda kuma suke da ayoyi a jiki suka lalace ƙwarai har ba sa karantuwa, kada a bar su cikin shara, a binne su a wuri mai tsarki.

Maman_Hanifa:
Wallahi Gwani ka sa ni hawaye. Allon saukar yayana yana ɗakin Innarmu har yau, an naɗe shi da zani.

Talaka_Bawan_Allah:
Ku dai kuna ta maganar takarda. Ni tambayata ita ce har yaushe za a riƙa sako mana ruwan dam ɗin Tiga kowace shekara muna kwashe gawa da buhun shinkafa? 2020 an yi, 2022 an yi wadda ta fi, ƙasar nan gaba ɗaya mutum sama da 600 suka rasu a shekarar. Mutanen Kano suna noman rani da ruwan, mu kuma na Jigawa mu sha ambaliya.

Malam_Fadama:
Ɗan'uwa, ɓacin ranka a kan hanya yake, amma maganar ta fi “an sako dam” faɗi. Tiga an gama ta a 1974 a kan kogin Kano, ta Challawa kuma a 1992. Kogunan biyu ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya gangaro mana, ya wuce fadamun Nguru. In dam ta cika, ruwan ta kan mafitarsa yake malala, ko an so ko ba a so. Babbar illar da dam ɗin suka yi mana ta wata fuskar ce. Da can kogin nan yana ƙafewa da rani, ciyawa ta mutu, ambaliyar damina ta share yashi. Da aka koma sakin ruwa rani da damina, hanyoyin ruwa ba sa bushewa, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama. Ta toshe hanya, laka ta taru a gindinta, kogi ya cike. Yanzu ko ruwan sama ne kawai aka yi mai yawa, ba shi da hanyar wucewa sai ta gonaki da gidaje. Ƙasarmu kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa in ya shigo ba ya gaggawar fita. Shi ya sa Auyo, Kafin Hausa, Miga, Guri da Kirikasamma kusan kullum suna cikin lissafi.

Talaka_Bawan_Allah:
To ai duk ɗaya ne Malam, dam ce ta kawo kachalar. Mu da muke fita gayya muna yankan ta da lauje cikin ruwa har wuya mun san ba aikin hannu ba ne. Sai an yashe kogin da inji tun daga sama har ƙasa, kuma kowace shekara.

Kabiru_Gumel:
Mu dawo kan tambayarsa ta biyu. Malam Sani, ni shawarata ka tashi. Gida ka gyara in kana so, amma shago ka kai shi Haɗeja ko wani gari na kan titi. Jarin bugu ba buhun gero ba ne da za ka ɗora a ka ka gudu da shi cikin dare. Ga zaɓe yana tafe, aikin fosta da riguna a gari ake rabawa. Ka kama ɗan shago ko da na haɗin gwiwa ne.

Zainabu_ZanenHula:
Assalamu alaikum, ni ce maiɗakin Sani, da wayar ƙanwata nake rubutu. Na gode muku duka. Yaya Kabiru, maganarka gaskiya ce ta fuskar kayan aiki, amma ni aikina a ƙauyen nan yake. Matan da nake zana wa hula suna cikin gidajensu, yara suke kawo min yadi da safe su karɓa da yamma. Mace ta ɗinka hula ɗaya ta sayar ta sayi sabulu da maganin yaro. In muka koma Haɗeja wa zai zana musu? Littafin da nake tara samfurin zanena ya lalace, amma tun jiya matan da muke tare a makarantar nan suke kawo min hulunan da suka fita da su, wasu ma ba a gama ɗinkin ba, allura tana jiki. Na samu fensir ina kwafewa a bayan littafin yara. Wata tsohuwa ta kawo min wadda na zana mata tun ina amarya, ni kaina na manta da wannan zanen. Abin da Gwani ya faɗa a kan alluna, haka na gani a kan huluna.

Hauwa_Laburare:
Sannu Zainabu, Allah ya ƙara miki ƙarfin zuciya. Wannan karon duk wanda kika kwafe ki ɗauke shi hoto ki tura wa wani naki da ke wani gari, ko ki ajiye a imel. Malam Sani kai ma haka. Game da takardun Baba, Gidan Arewa da ke Kaduna suna adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu, in ka samu hali ka nemi shawararsu kafin ka yi wa takardun wani gyara da gam ko salatif. Salatif musamman, kada ya kusance su.

Magini_Jahun:
Ni magini ne, bari in ja kunne. Katangar da ta zube ta riga ta zube, waɗanda suke tsaye su ne abin tsoro. Ginin ƙasa ta gindi yake shan ruwa, sama ka gan shi lafiya, ƙasa kuwa ya zama kunu. Sau da yawa bayan ruwa ya janye ne ɗaki yake faɗo wa mutane suna barci. Kada ku koma kwana ciki. Ka soka ƙarfe a gindin kowace katanga, in ya shige ba wuya a rushe ta da hannu tun kafin ta rushe da kanta, a tsira da azara da kwano. In za ka sake gini a nan, ka duba alamar da ruwa ya bari a jikin bishiya ko masallaci, harsashinka na bulo da siminti ya wuce wannan alamar, a cike cikin da ƙasa a daɓe, a shimfiɗa leda kafin a ɗora tubali. Ko ɗaki ɗaya ka iya yi wa haka, ya zama nan ne shago. Sannan kanta ta ƙarfe a sama kusa da rufi don takardu da kwamfuta. Rijiyar gidan ma kada a sha sai an yashe an sa magani, lokacin amai da gudawa ke nan.

Kabiru_Gumel:
Magini, nawa buhun siminti yake yanzu? Kuɗin ɗakin nan ɗaya zai biya masa hayar shago ta shekaru. Kuma in jinga ta sake ɓallewa ruwan ya wuce alamar bana fa? Mutanen Maiduguri da dam ɗin Alau ta fashe musu a Satumbar 2024, gidajen siminti ne ruwa ya shanye har taga.

Magini_Jahun:
Fashewar dam daban, malalar kogi daban, Alhaji. Namu a hankali yake hawa, tudun taku biyu ko uku yana raba mai asara da wanda ya tsira. Kuma ba lallai a yi shi bana ba.

Auwalu_Taura:
Abin da ya dame ni, in masu rubuta asara suka zo, gona suke tambaya da yawan ɗakunan da suka faɗi. Lokacin da ruwa ya ci shagon ɗinkina na ce a rubuta kekuna, aka ce babu gurbinsu a takardar. Malam Sani ka ɗauki hoton komai tun kafin ka share, ka rubuta kowane kaya da kuɗinsa, mai unguwa ya sa hannu. Ko ba a ba ka komai ba, takardar za ta yi maka amfani wurin masu ba ka kaya bashi.

DanFagge_Firinta:
Wannan haka yake. Kuma maganar rigunan islamiyya, kada ka jira su neme ka. Ka je ka samu shugaban makarantar da rigunan a hannu ya gani da idonsa. Ka jiƙa su a ruwan sanyi tukuna, ruwan zafi yana kama tabo, a wanke da sabulu, farare ne za su ɗauki bilic kaɗan. Waɗanda suka fita ka turo min Kano da zanen bajen in buga maka a shagona, kuɗin tawada kawai za ka biya. Waɗanda ba su fita ba ku yi magana a kan biya a hankali. A sana'ar nan in mutum ya riƙe amanar masu kawo aiki, inji yana dawowa.

Sani_MaiZane:
Na je wurin shugaban islamiyyar da safe. Tun kafin in gama bayani ya ce makarantar ma mutane ne a cikinta, ba ranar komawa tukuna, in yi a hankali. Ashe shi ma Baba ne ya yi masa zayyanar allonsa, ya ce yana gidan yayarsa a wani ƙauye, zai aika a kawo. Na buɗe sauran takardun, na tsakiyar ƙunshin launinsu bai gudu sosai ba, suna barandar aji a kan zanin Zainabu, yara suna gadin su saboda awaki. Yaya Kabiru, ban ƙi maganarka ba. Ina tunanin kwamfuta da firinta, in Allah ya sa an samu wasu, su zauna wurin wani abokina a Haɗeja daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, bugun raga da zanen hula kuma su zauna a gida. Amma ban yanke ba, mahaifiyata tana nan kuma ba za ta tashi ba.

Kabiru_Gumel:
Raba shago biyu wahala ce, kullum kana kan hanya, kuma daidai lokacin da hanyar take yankewa. Ka dai sake tunani.

Talaka_Bawan_Allah:
In ba a gyara jingar nan da rani ba, duk wannan lissafin na banza ne. Ku mutanen garin ku haɗa kai tun yanzu ku san wa zai kai kuka, wa zai tara buhuna.

Injiniya_Wudil:
Malam Sani, ka cire ma'ajiyar kuwa? Turo min hotonta ta gaba da baya in ga wace iri ce. Ranar Asabar zan shiga Kano, in akwai mai zuwa Wudil ka ba shi ya kawo min, kuma DanFagge ka faɗi girman ragogin da za ka bayar don kafinta ya san katakon da zai yanka.